Zan fara gini a Kanya, ta ina ake fara tsara ruwa da kuran da fos?

Ɗan_Birni84:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wurin masana harkar gini, musamman plombiye da masu aikin kuran, wato wutar lantarki, na nan Damagaram. Allah ya nufa na samu parsel a wajen Kanya, mita 300, takardu sun fito daga meri, wato ofishin magajin gari, alhamdulillahi, har na buga bulo ya kai dubu biyu yana jibge. Abin da nake so ɗaki uku ne da falo da kicin, sai ɗakin baƙi a waje kusa da ƙofa, ban ɗaki uku, mu wajen mutum goma ne har da tsohuwata da yaran ƙanena da nake riƙo.

To magini na ya ce mu fara kawai mu zuba fondasiyo mu tada bango, wai maganar tiyo da waya sai an gama rufi sannan a kira masu shi, haka kowa ke yi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda gidan da nake haya yanzu na ga abin da ya faru, an gama gini tsaf an yi fenti sannan aka zo ana farfasa bango ana tura tiyo, har yau bangon ban ɗakin jiƙe yake kamar an yi mishi wanka, ga wari in an yi zafi, ga kuran da ka kunna klim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka sa abin guga sai komai ya ɗauke. Ba na son in kashe kuɗin da na yi shekaru ina tarawa in maimaita wannan.

Tambayoyina su ne, wane girman tanki ya kamata in sa tunda kun san halin ruwan garinmu, a bisa dal, wato rufin kankare, zan ɗora shi ko a yi mishi ƙafa ta ƙarfe, fos ɗin, wato ramin ƙazantar ban ɗaki, wane gefe kuma zurfi nawa, maganar kuran kuma konter mai amper nawa zan nema in ina son klim biyu, sannan ina da niyyar sa pano na hasken rana nan gaba in Allah ya hore. Ni ɗan kasuwa ne a Dole, ban san komai ba a wannan fanni, ku yi mini bayani irin na wanda bai je lakkal ba. Na gode.

Baba_Plombiye:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Magininka ba mugunta yake ba, sauri yake a biya shi, amma kar ka yarda. Tiyon da zai fitar da ƙazanta ƙarƙashin ƙasa yake bi, in an zuba fondasiyo ba a bar mishi hanya ba to sai an fasa kankare, kuma duk inda aka fasa aka liƙe ba ya komawa kamar da. Ko da ba ka da kuɗin plombiye yanzu, a sa guntayen tiyo masu faɗi a cikin fondasiyon daidai inda kowane ban ɗaki da kicin za su fitar, a toshe bakinsu da takardar siminti, ranar da aka tashi aiki sai a zura kawai.

Ni na fara wannan aikin tun ana jan galba, wato tiyon ƙarfe, ana yi mishi zare da hannu, bari in fara maka da ruwan sha don shi ne ciwon kan Damagaram. Garin nan bisa dutse yake zaune, ka duba duwatsun Birni ka gani, irinsu ne a ƙarƙashin yawancin unguwanni, shi ya sa rijiya ba ta cika ba da ruwan kirki ba a cikin gari, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Abin da aka turo daga nesa aka raba wa gari guda kuwa dole wata rana ya zo da ƙarfi wata rana ya zo kamar hawaye, wani lokacin sai tsakar dare, balle watan Afrilu da Mayu. Saboda haka duk wanda zai tsara gida a nan da ajiya yake farawa, ba da kalar robine ba.

Lissafin ba wuya. Gida mai ban ɗakin zamani ka ƙaddara lita 50 kowane mutum a rana, wanka da alwala da girki da wanki da kora ban ɗaki, don kora ɗaya kaɗai tana cin lita 6 zuwa 9. Ku goma kenan lita 500 a rana. In kana son ka yi kwana huɗu ba ka leƙa ƴan garuwa ba, lita 2000 kenan, ka ƙara na baƙi da na suna da biki. Ni da zan ba ka shawara, ajiya biyu za ka yi, bash a ƙasa mai kamar lita 3000, da tanki a sama mai lita 1000 ko 1500. Dalili, ruwan layi in ya zo ba ƙarfi ba zai hau sama ba amma zai sulala cikin na ƙasa ko kana barci, ka sa mishi flotar da zai rufe da kanshi in ya cika, sannan ƙaramin injin pomp ya ɗaga shi zuwa sama, daga sama ya sauko gida da nauyinshi ko babu kuran.

Abin da ba na so shi ne mutum ya ɗaura sirpresar, wato injin ƙara wa ruwa ƙarfi, kai tsaye bisa tiyon layi yana zuƙa. Na farko ka zalunci maƙwabta don ka janye nasu, na biyu in layin ba ruwa a ciki kuma akwai tsaga a wani wuri to ruwan kwata za ka zuƙo ka ba ƴaƴanka. Ka zuƙa daga bash ɗinka, kuma bayan konter a sa klape wanda ke hana ruwa komawa baya.

Maganar tsawo kuma, ƙa'idar ita ce duk mita 10 na tsawo yana ba da bar ɗaya na ƙarfi. Mutane na ɗora tanki bisa mita 3 su ce dush ba ya zuba, to ina zai zuba, kan dush ɗin kanshi yana mita 2 daga ƙasa, saura mita ɗaya ka bar mishi. Gindin tankin ya kai mita 5 zuwa 6, tiyon da zai sauko daga gare shi ya zama mai kauri, 32 ko 40, sai an zo rarrabawa a rage zuwa 25 da 20. In ka sauko da siriri tun daga sama, da an buɗe robine biyu na ukun sai iska. Kuma kowane ban ɗaki a yi mishi nashi makullin rufe ruwa, ranar da wani abu ya lalace ba sai an kashe wa gida duka ruwa ba. Cikin bango tiyon roba na PPR nake sa wa mutane yanzu, wanda ake haɗawa da zafi, galba yana tsatsa daga ciki ya toshe. Kafin a yi shafe a cika layin da ruwa a matsa shi a bar shi ya kwana, in akwai yoyo a gani tun bango yana tsirara. Gidan hayar da kake ciki na rantse wannan ne ba a yi ba.

Tankin kuma ka ɗora shi bisa dal ɗin ban ɗaki ka huta da kuɗin ƙarfe, haka muke yi.

Zango_boy:

hhhh Baba ya gama magana. amma Alhaji ni shawarata ka bar ƙofa mai faɗi wadda kurar ɗan garuwa za ta shiga har tsakar gida, duk injiniyancin da za a yi a garin nan ƙarshe dai sai ka kira shi 😂 mu gidanmu tanki biyu ne amma bido ashirin na nan a jere ko da yaushe

Mai_Kuran_GarinMalam:

Salam. Yaya Ɗan Birni ni fannin kuran zan taɓa, Baba ya riga ya yi na ruwa ba abin da zan ƙara.

Kafin ka je wurin NIGELEC, kamfanin kuran, neman konter zauna da biro da takarda ka rubuta duk abin da za ka kunna, wannan shi ne farkon aiki kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Bari in yi maka misali da gidan da ka faɗa. Klim biyu masu doki ɗaya da rabi, kowane yana cin wajen wat 1200, kenan 2400. Frigo da konjelatar ka ba su 400. Fanka biyar 350. Ampul na LED goma sha biyar 150. Tele da su caji 100. Pomp ɗin da Baba ya ce, in mai doki ɗaya ne wajen 750. Abin guga 1200. Ka tara duka 5350 kenan. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, sai ka raba 5350 da 220 ya ba ka amper 24 da ɗan wani abu. To ka ga in konter ɗinka mai amper 15 ne iyakarshi wat 3300, da klim biyu sun tashi uwargida ta jona guga dole ya faɗi, ba aljanu ba ne lissafi ne. Gaskiya ba kullum komai ke kunne lokaci guda ba, amma klim da pomp in za su tashi suna fizgar fiye da abin da aka rubuta a jikinsu, don haka a gidanka ni wajen amper 30 zan nema, ka je ajans da takardar lissafinka su gaya maka abin da ya dace da layin unguwarku. In nan gaba za ka ƙara klim ko ka buɗe shago mai injin a jikin gidan to ka yi tunanin mai layi uku tun yanzu.

Sai cikin gida. Kar a jona gida duka bisa waya ɗaya kamar carbi. A yi tablo, kowane sashe da disjonktar nashi. Fitilu waya 1.5 da disjonktar amper 10, priz waya 2.5 da amper 16 ko 20, kowane klim a ja mishi layinshi shi kaɗai da 2.5 tun daga tablo, pomp ma haka, in za a sa abin dumama ruwa don sanyin Disamba shi ma haka. Disjonktar aikinshi ya kare waya kar ta yi zafi ta kama wuta, to in aka sa mai amper 32 bisa waya 1.5 wayar za ta narke shi yana zaune yana kallo. Na sha zuwa gyara in tarar mai gida ya gaji da faɗuwar disjonktar ya sa an canza mishi babba, wannan ba gyara ba ne, gobara ce aka ba ranar zuwa.

Waya kuma don Allah ka je sayen da kanka tare da mai aikin. Akwai wadda an rubuta 2.5 amma in ka fere cikinta bai kai ba, akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare da wuƙa in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abarsu. Kala ma a kiyaye, shuɗiya ita ce netar, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, don wanda zai zo gyara bayan shekara goma ya san me yake taɓawa. Kuma duk waya cikin gen, wato tiyon roba mai kare waya, za ta bi, ba a binne ta tsirara cikin siminti.

Abu biyu da ke ceton rai kuma su ne aka fi yi wa rowa. Na ɗaya difaransiyel mai miliamper 30 a tablo, shi ne in yaro ya tura ƙusa cikin priz ko frigo ya fara ja zai yanke nan take. Na biyu wayar ƙasa. A nan ne maganar magininka ta fi ba ni tsoro, domin ƙasarmu busasshiya ce ga dutse, sau da yawa ka buga pike, wato sandar ƙarfen da ake ɗaura wa wayar ƙasa, ya shiga rabin mita ya tsaya. Hanya mafi kyau ita ce tun an haƙa ramin fondasiyo kafin a zuba kankare a shimfiɗa jan ƙarfe tsirara mai kauri 25 ya zagaye gidan a ƙasan ramin, a fito da bakinshi inda tablo zai zauna. In aka zuba fondasiyo wannan damar ta wuce har abada. Ka ga kenan mai kuran ma ranar haƙa ya kamata ya fara zuwa ba ranar fenti ba.

Maganar pano, ka yi dabara tun yanzu ko ba ka da kuɗinshi. Kuran ɗin yankinmu da na Maradi ta layin Katsina yake shigowa ya bi Gazawa, kowa ya tuna yadda aka yi a watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke, tun daga lokacin masu sa pano suka yawaita. A raba tablo gida biyu, masu nauyi wato klim da guga da abin dumama ruwa gefe guda, marasa nauyi wato fitilu da fanka da tele da frigo gefe guda. Ranar da ka sayi pano da bateri sai a jona gefe na biyun kawai ba tare da an fasa komai ba. A bar gen fanko daga rufi zuwa inda bateri za su zauna, wuri mai iska ba ɗakin kwana ba, zafi na kashe bateri da wuri. Pano ya kalli kudu a ɗan kwantar da shi kamar digiri 15, kuma a sa shi inda za a iya hawa a goge don ƙurar hunturu tana rage mishi ƙarfi sosai. In grup, wato janareta, za ka sa, sai da inbersar mai raba shi da layin gari, kar a kuskura a tura shi ta priz, yana iya komawa kan layi ya kashe ma'aikacin da ke bisa poto.

Ɗan_Birni84:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi na kwafe duka a takarda. Baba na gode, Malam mai kuran na gode, maganar jan ƙarfen nan a ramin fondasiyo ban taɓa jin ta ba sai yau. Zango boy kai ma gaskiyarka, ƙofa za ta yi faɗi 😄 Saura maganar fos ba wanda ya taɓa, kuma na manta ban faɗa ba, da muka haƙa ramin kwaɓa a gefen gabas ba mu kai mita ɗaya da rabi ba muka ci karo da dutse, shin wannan zai hana?

Maman_Nana:

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar maza, amma gidan nan mu ne ke wuni a cikinshi. Alhaji kafin ka kira kowa ka zaunar da uwargida ka tambaye ta ina take son wurin wanke-wanke da wurin wanki, don mu namu maigidan ya yi kicin na zamani da ebiye mai kyalli a ciki, alhali tukunyar tuwon mutum goma sha biyu ba ta shiga cikinshi, ƙarshe a tsakar gida muke wanke-wanke inda ba robine ba magudana, kullum ruwa kwance ga ƙuda ga sauro. Da an sa robine ɗaya ƙasa-ƙasa a tsakar gida da ɗan dakali da rariya mai raga da an huta. Haka wurin alwala kusa da ɗakin baƙi, kar baƙo ya riƙa ratsa gida da buta. Tsohuwarka kuma a tambaye ta wane irin ban ɗaki take so, wasu tsofaffin ba sa son na zama wasu kuma gwiwa ba ta barinsu tsuguno, a sa mata ƙarfen dafawa a bango, karo ɗin ƙasa kuma mai kaushi ba mai santsi ba.

Priz a kicin a sa da yawa kuma a sama inda ruwa ba ya kai, mu guda ɗaya aka sa mana bayan frigo sai ralonj muke ja.

Sai babban abin da ya same mu, ruwan sama. Mun tare da rani ba wanda ya yi tunaninshi, da Agusta ta zo aka yi ruwan dare ɗaya sai ga shi har cikin falo, ashe tsakar gidan ta fi titi zurfi, kuma daga baya da aka zuba laterit a hanyar sai titin ya ƙara hawa. Ka je parsel ɗinka ka tambayi waɗanda suka riga ka zama a wurin ina ruwa ke bi in an yi mai yawa, ka ɗaga dandamalin gidanka sama da titi sosai, tsakar gida a karkata ta wajen rariya. Indararo kuma kar ya zuba a gindin bango ko a gidan maƙwabci, rigima ce. Mu yanzu mun sa gutiyer muna tara shi a tano muna wanki da ban ruwan itace, wani ɗan uwana da ya karanci abin ya ce duk milimita ɗaya da ya sauka bisa mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, to in rufinka mita 100 ne aka yi ruwan milimita 30 a dare guda lita 3000 kenan ta bi titi, a garin da muke sayen bido. Na farkon damina dai a bar shi ya wanke tol ya zube.

Injiniya_Sani_ZR:

Salamu alaikum. Na karanta duka, shawarwarin sun yi kyau ƙwarai, Hajiya ma abin da ta faɗa na tambayar masu zaman gidan shi ne darasin farko a zanen gini. Amma Baba da girmamawa zan saɓa maka a wuri ɗaya, maganar ɗora tanki bisa dal. Lita 1000 na ruwa tan ɗaya ce cif, 1500 tan ɗaya da rabi, kuma duk nauyin a ɗan wuri kaɗan yake taruwa. In tun farko an lissafa dal ɗin da wannan nauyi, an sa poto da put, wato ginshiƙin tsaye da na kwance, a ƙarƙashin inda tankin zai zauna, ba laifi. Amma dal ɗin ban ɗaki da magini ya zuba da ido da ƙarfe 8, a zo daga baya a ɗora mishi tan ɗaya da rabi, yau lafiya gobe tsaga, ruwa ya shiga ƙarfe ya yi tsatsa. Kuma ma dal ɗin gida mara bene bai wuce mita 3 da ɗan kai ba, ka ga bai kai mita 5 zuwa 6 ɗin da kai da kanka ka faɗa ba sai an ƙara gini a sama. Ni na fi son ƙafa daban, ta ƙarfe ko ta kankare, da fondasiyonta, a yi wa tankin ƴar rumfa don rana kar ta dafa ruwan, kuma ya zama wanda haske ba ya ratsawa saboda gansakuka.

Yanzu fos. Mutane na haɗa abu biyu su kira su suna ɗaya. Fos akwati ne na siminti wanda ba ya yoyo, an raba cikinshi biyu, ɗakin farko kashi biyu cikin uku, a nan ƙazanta ke kwantawa ƙwayoyin halitta su narkar da ita, ruwan ya tsallaka ɗaki na biyu. Puizar kuma shi ne ramin da ke karɓar wannan ruwan ya tsotse cikin ƙasa. Gidan mutum goma kar fos ya gaza mita kib 4 zuwa 5, kuma ba zurfi ne ke aiki ba, girman ciki ne, don haka dutsen da ka tarar a mita ɗaya da rabi ba zai hana fos ba, sai a yi shi mai tsawo da faɗi maimakon zurfi. Inda dutsen zai dame ka shi ne puizar, domin dutse ba ya shan ruwa, in ka haƙa rami cikinshi ka yi randa ne kawai, wata biyu ya cika ya dawo maka ban ɗaki.

Abin da za ka yi, ka haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a kusurwoyin parsel ɗin, dutsen garin nan ba a shimfiɗe yake daidai ba, sau da yawa nan mita ɗaya can mita huɗu. Kowane rami ka cika shi da ruwa ya tsotse, ka sake cikawa ka ga saurin da yake sauka. Inda ya fi sha nan ne wurin puizar, daga nan ne kuma za a san inda ban ɗakuna za su zauna a plan, ba wai a gama gini sannan a nemi inda za a kai ƙazanta ba. In duk parsel ɗin dutse ne kusa, sai a yi dogayen ramuka marasa zurfi a zuba tsakuwa a shimfiɗa tiyo mai huji ruwan ya bazu a ƙasar sama, in wannan ma bai yiwu ba sai rufaffen fos da mota za ta riƙa zuwa kwashewa. Ko wanne ne dai fos ya kasance kusa da titi inda tiyon motar kwasa zai kai, da murfin da ake buɗewa, kar a shafe shi da karo a manta inda yake. Bash ɗin ruwan sha kuma can ɗaya gefen gidan, ta wajen tudu, nesa da shi iyakar iyawa, in akwai rijiya kusa a bar aƙalla mita 30 tsakaninta da puizar.

Tiyon ban ɗaki 100 ne, na dush da ebiye 40 zuwa 50, gangara santimita 2 a kowace mita. In ya kwanta da yawa ba ya tafiya, in ya tsaya da yawa ruwa ya gudu ya bar kayan a baya. Duk inda layi ya yi kwana a yi ɗan akwatin dubawa mai murfi, wanda ake ce wa rigar, don ranar toshewa. Ban ɗakunan a jera su bango ɗaya ko baya da baya, tiyo ya gajarta kuɗi ya ragu. Warin da kake ji a gidan haya kuwa abu biyu ne ke kawo shi, ko babu sifo mai riƙe ɗan ruwa ya tare iska a ƙarƙashin dush da lababo, ko babu tiyon numfashi. Fos dole a fitar mishi da tiyo ya wuce saman rufi a ɗaure bakinshi da raga saboda sauro. Ruwan kicin a yi mishi ɗan akwatin tare mai kafin ya wuce, kuma a hana zuba jabel da yawa ko baƙin mai a fos don suna kashe ƙwayoyin da ke aikin. In ya cika kar a bar kowa ya shiga ciki, iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu.

Ka ɗauki plan ɗinka ka sa a fitar maka da kofi uku, ɗaya plombiye ya zana layin ruwa da na ƙazanta, ɗaya mai kuran ya zana nashi, sannan ka tara su da magini rana ɗaya a parsel ɗin su daidaita, don kar tiyon ruwa ya bi ta saman tablo ko a zo ana sare poto don waya ta wuce. Kafin shafe ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka ajiye. Takardar neman ruwa wurin NDE, kamfanin ruwa, da ta kuran ka shigar da wuri, ka fara tambaya ko layukan sun iso titinku, in ba su iso ba kuɗin jawowa daban ne kuma gara ka sani tun yanzu.

Baba_Plombiye:

Injiniya na karɓa, ni dama bisa poto nake nufi amma ban faɗa ba, kuma gaskiya na ga dal ɗin da ya tsage saboda haka. Sai dai ƙafar ƙarfen ma a samu mai walda na kirki, akwai wadda iskar farkon damina ta kayar da tanki cike, Allah ya tsare ba kowa a ƙasa. Gangarar nan ta santimita 2 kuma da nibo ake auna ta ɗana, in ka ga yaro na aunawa da ido ka tsayar da shi.

Ɗan_Birni84:

To alhamdulillahi. Na kira magini na ce a dakata da fondasiyo sai bayan sati biyu, bai ji daɗi ba amma ya yarda. Gobe in sha Allah zan sa yara su haƙa ramukan gwajin, zan saya ruwa kura ɗaya a zuba a gani. Uwargida kuma na karanta mata maganar Maman Nana ta ce a gaishe ki, har ta ƙara da cewa wurin shanya ma ba a sa a plan ba. Injiniya in ramin yamma ya fi shan ruwa alhali ƙofar gida da titi suna gabas, fos ɗin ya zauna gabas a ja tiyo zuwa puizar a yamma ko yaya ake yi?